Hoton da ya fita ta Wi-Fi ɗin gidanmu

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da karatu ya jefo mu kudu. Rubutun nan dogo ne, na faɗa tun yanzu. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i. Amma in kana zaune a irin gidajen hayar nan na bayan makaranta, inda ake haɗa kuɗi a jawo intanet ɗaya kowa ya hau, don Allah ka daure ka karanta. Ke ma 'yar uwa ki karanta, ke ce ma kan gaba. Abin da zan faɗa a gidan da nake kwana ya faru, kuma saura ƙiris ya tafi da mutuncina.

Gidanmu bene ne, ɗaki 24, mutum 41. Maza a ƙasa, mata a sama, kowane ɓangare da matakalarsa. Mu 'yan Arewa bakwai ne, maza biyar mata biyu, sauran Yarabawa ne da Ibo da 'yan Edo. A bakin ƙofa akwai shagon wata dattijuwa da kowa ke ce wa Mama, tana fotokofi da buga takardu da POS. Tun da aka amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, kowa ya ji a jikinsa, sai aka yi taron gida aka ce a jawo layi ɗaya a riƙa raba kuɗin duk wata. Da yake ni ne nake karanta kwamfuta, nan take aka naɗa ni. Har suna suka sa mini, wai Aboki Injiniya.

Aikin da na yi a ranar bai kai awa ɗaya ba. Na jona akwatin da kamfani ya kawo, na canza sunan Wi-Fi, na sa kalmar sirri, na ja kebul biyu zuwa wasu tsofaffin rawutoci da muka mai da su masu yaɗa sigina, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Mama ta roƙa aka jona kwamfutarta da firintarta. Mai gida ya ce tunda abu ya samu a jona masa na'urar kyamarorin tsaro ya riƙa kallo daga wayarsa. Duk na zuba su wuri ɗaya, 192.168.1.kaza. Intanet ya kawo, aka tafa mini, na shiga ɗaki ina jin kaina.

Abin kunyar shi ne a semistar da ta wuce na ci kwas ɗin netwok da maki mai kyau. Ka ba ni /26 a takarda, kafin ka rufe baki na gaya maka adireshi 64 ne, 62 ake amfani da su. Hadda ce kawai. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, wai shi wannan rabe-raben me yake karewa?

Alamu sun fara tun da wuri, ni ne ban karanta su ba. Kalmar sirrin ta fita gari: abokan mazauna, masu zuwa shagon Mama, har 'yan acaɓan da ke tsayawa a bakin layi. Akwatin kamfanin adireshi 100 kawai aka saita shi ya raba, ran nan suka ƙare, masu laftof suka riƙa kawo mini ƙara cewa sun hau amma babu intanet. In na duba sai in ga adireshinsu ya fara da 169.254, wanda shi ne lambar da kwamfuta ke ba kanta idan ta nemi mai raba adireshi ba ta samu ba. Wata rana kuma wani ya kawo tasa ƙaramar rawutar ya soka a kebul ɗin ƙasa ta bakin da bai dace ba, ita ma ta shiga rabon adireshi, rabin gidan suka bi ta, ita kuwa ba ta da hanyar fita. Kwana biyu ina nema kafin na gano ta a ƙarƙashin gadonsa. Duk wannan dariya muka yi.

Wanda ba na dariya ba ya zo ne wata Laraba bayan magariba. Ɗaya daga cikin 'yan uwanmu mata biyu ta kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ta ce, "Malam, don Allah ka fito bakin ƙofa, magana nake so mu yi." Na fito na same ta da ƙawarta, idonta ya yi ja. Ba ta ce komai ba ta miƙo mini waya. Wata baƙuwar lamba ce ta turo mata hotonta, da wata magana ta rashin kunya a ƙasa da ba zan maimaita ba. Hoton na ranar kamun yayarta ne, cikin mata zalla, babu mayafi. Na kawar da kai na mayar mata.

Ta ce ba ta taɓa ɗora hoton nan a ko'ina ba. Wayar da aka ɗauka da ita ma ta daɗe da lalacewa. Wuri ɗaya yake a duniya, cikin laftof ɗinta, kuma laftof ɗin ba ta fita daga ɗakinta sai zuwa lakca. Sannan ta dube ni ta ce, "An ce mini wanda yake riƙe da Wi-Fi yana ganin duk abin da ke cikin na'urar mutane. Kai ne kake riƙe da shi."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya bushe ba. Ku da kuka san gida kun san nauyin maganar. Yarinyar nan da kyar mahaifinta ya bari ta zo kudu karatu, sai da kawunta ya sa baki. An kawo kuɗin gaisuwarta. Hoto irin wannan in ya kai gida, ba wanda zai tsaya tambayar yadda aka yi ya fita, abin da za a ce shi ne ta tattaro kayanta. Ni kuma ga ni, ɗan uwanta na Arewa, wanda ya kamata a ce in wani abu ya taso ni za ta fara nema, ni ne abin zargi na farko. Na rantse mata, ta ce to, amma irin "to" ɗin nan da ka san ba ta kai zuci ba.

Kafin asuba magana ta zaga. Bayan mun idar da salla wani babbanmu da ke ajin ƙarshe ya ja ni gefe ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, in tsautsayi ne ya sa ka yi, ka faɗa mini mu kashe maganar a nan." Wannan ta fi yi mini ciwo fiye da tata.

Na ce a ba ni yini ɗaya. Da yamma muka haɗu a shagon Mama: ita da ƙawarta, shugaban gida, babban namu, da ni. Na ce ta kunna laftof ɗinta ta hau Wi-Fi kamar kullum, kada ta ba ni ko taɓawa. Na ari laftof ɗin shugaban gida, don kada a ce tawa na shirya. Na buɗe wurin da Windows ke nuna kwamfutocin da ke kusa. Guda tara suka fito, tata tana ciki da sunanta ɓaro-ɓaro. Na ce wa shugaban gida ya danna da hannunsa. Ya danna. Ta buɗe. Babu tambayar kalmar sirri, babu komai. Ga foldar karatu, ga ta hotuna. Na ce ya rufe.

Da muka bi diddigi, ashe lokacin da ta sayi laftof ɗin, mai gyaran da ya kwashe mata kaya daga tsohuwar ya buɗe rabon fayil, ya kashe neman kalmar sirri don aiki ya yi masa sauri, ya gama bai mayar ba. Ranar da ta fara hawa Wi-Fi ɗinmu kuma Windows ya tambaye ta ko ta yarda wasu na'urori su gan ta, ta danna eh, kamar yadda yawancinmu muke yi ba tare da mun karanta ba. Shi ke nan. Wata da watanni ɗakinta a buɗe.

Ba ita kaɗai ba. Kwamfutar Mama ma a buɗe take, cike da takardun mutane da aka yi sikanin: katin NIN, sakamakon WAEC, takardun shiga makaranta, har da na banki. Na'urar kyamarorin mai gida kuwa da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani take aiki, wadda ko yaro zai samu a Google. Mama ta ɗora hannu a ka tana salati irin nasu.

A nan zargi ya sauka daga kaina ni kaɗai, ya hau kan duk wanda ya taɓa sanin kalmar sirrin gidan, mutum sama da ɗari. Amma ban ji sanyi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa ko bangon ban gina ba. Na tara maza da mata da baƙi da shago da kyamara a tsakar gida ɗaya, na ce wai na yi netwok.

Bari in yi bayanin abin da ya faru yadda na so a ce an yi mini shi a aji, domin wanda bai karanta kwamfuta ba ma zai gane.

Duk na'urar da ta hau Wi-Fi ana ba ta adireshi, misali 192.168.1.37. Tare da shi ana ba ta wata lamba da littafi ke kira sabnet mask, ni ina ce mata lambar iyaka, misali 255.255.255.0. Aikinta ɗaya ne: ta nuna wane ɓangare na adireshin ne sunan unguwa, wanne ne lambar gida. A wannan misalin, 192.168.1 unguwa ce, 37 gida ne. Adireshin gaba ɗaya ɗigo 32 ne na sifili da ɗaya, in ka ga an rubuta /24 ana nufin 24 na farko na unguwa ne, takwas suka rage na gidaje. Takwas ɗin suna ba da 256, a cire na farko da yake sunan unguwar kanta, a cire na ƙarshe da ake shela da shi, saura 254.

To ga inda maganar take. Duk lokacin da wayarka za ta aika saƙo, sai ta fara duba adireshin wanda za ta aika wa. In unguwarsu ɗaya, ba ta neman izinin kowa, kai tsaye take ƙwanƙwasa masa. In wata unguwar ce, ko intanet, dole ta miƙa wa rawuta, ita ce ƙofar fita. Shi kuma fayawol, mai gadin da ke cewa wannan ya wuce wannan ya tsaya, a bakin wannan ƙofar yake zaune. Ma'ana duk abin da ke gudana tsakanin 'yan unguwa ɗaya ba ya bi ta gabansa. Wanda ya kwashi hoton nan bai fasa komai ba, bai ma san wani ilimin kutse ba. Maƙwabci ne ya tura ƙofa ya ga a buɗe.

Daren nan aka yi taron gida, kuma a nan ne aka kusa yin abin da nake tsoro. Wani daga cikinmu, cikin fushi, ya ce a ware mana namu Wi-Fi mu bakwai, mu daina haɗa layi da mutanen da ba su san darajar mace ba. Wani Bayarabe ya miƙe ya ce madalla, a ware musu, daman su ne ba sa yarda da kowa. Murya ta fara tashi. Na san in aka tafi a haka gidan ya rabu ke nan, ba a intanet kaɗai ba.

Na ce ban yarda ba, kuma dalilina ba na siyasa ba ne. Na farko, ba wanda ya san ƙabilar wanda ya yi abin nan, ko ma a gidan yake. Na biyu, in an ware mu bakwai a unguwa ɗaya, maza biyar ɗin nan za su ci gaba da ganin laftof ɗin mata biyun, kuma ni da aka fara zarga jiya ina cikinsu. Me aka gyara? Ita 'yar uwar tamu ba kariya daga Yarabawa take buƙata ba, kariya take buƙata daga duk wanda ba ita ba. Na ce a raba bisa aikin na'ura, kamar yadda gidan Bahaushe yake: baƙo iyakarsa zaure, shago yana waje, cikin gida kuma kowane ɗaki da ƙofarsa. Babban namu ya goyi bayana, aka wuce wurin.

Akwatin kamfani ba zai iya wannan aikin ba. Aka yi karo-karo, wani da zai je Legas ya biya Computer Village a Ikeja ya sayo mana MikroTik hEX ta hannu, 'yar ƙarama mai baki biyar. Tsofaffin rawutocin nan biyu TP-Link Archer C7 ne, na sa musu OpenWrt don su iya fitar da sunan Wi-Fi fiye da ɗaya, kowanne da tasa unguwar. Dabarar da ke sa kebul ɗaya ya ɗauki unguwanni da yawa ba su cakuɗe ba ita ake kira VLAN: kowane saƙo ana manna masa lamba, 10 ko 20, kamar yadda ake rubuta suna a buhu kafin a loda a mota ɗaya. Baki biyar ɗin suka ƙare cif: ɗaya intanet, biyu masu yaɗa sigina, ɗaya shagon Mama, ɗaya kyamara.

Wajen zaɓen adireshi na guje wa 192.168.1, domin akwatin kamfani da ke gabanmu shi yake amfani da shi, kuma in unguwar ciki da ta waje suka zama suna ɗaya rawuta rikicewa take yi. Na guje wa 192.168.0 da 192.168.8 su ma, yawancin ƙananan rawutoci da MiFi da ke hannun mutane can suke zaune. Tun 1996 aka ware rukuni uku da kowa zai iya amfani da su a cikin gidansa kyauta: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Na ɗauki na 10.

Kuskurena na farko na ɗan aji ne. Na ce mutum 41, to /26 ya isa, 62 ai ya fi 41. Na ji daɗin lissafin har na nuna wa abokin ɗakina. Kwana biyu aka fara buga mini ƙofa. Na manta kowa yana da waya da laftof, wasu waya biyu, wasu har da agogo mai hawa Wi-Fi. A jarabawa ana ba ka maki in ka matse adireshi bai yi saura ba. A gida kuwa ba wanda zai ba ka lada, rukunin 10 kaɗai adireshi sama da miliyan 16 ne, ba saye ake ba. Na mayar da mazauna 10.20.10.0/24. Baƙi na ba su 10.20.20.0/26, adireshinsu na ƙarewa bayan awa biyu don kada wanda ya tafi ya riƙe wuri, kalmar sirrinsu kuma duk Juma'a ake canzawa. Shagon Mama 10.20.30.0/28, na'ura 14, ya ishe ta har da ƙari. Kyamara ita ma /28 nata daban. Sai wata 'yar mitsitsiyar unguwa, /29 mai gida shida, wadda daga ita kaɗai ake iya shiga saitin rawutar.

Kuskure na biyu shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Na gama raba unguwanni, kowa ya samu sabon adireshi, na yi hamdala. Har zan kwanta sai zuciyata ta ce gwada. Na hau Wi-Fi ɗin baƙi da wayata, na aika ping zuwa kwamfutar Mama. Ta amsa. Na sake. Ta sake amsawa. Kai!

Ashe raba sabnet ba katanga ba ne. Aikin rawuta tun asali shi ne haɗa unguwa da unguwa, in ba ka hana ta ba za ta kai saƙon baƙo har cikin shago da murnarta. Abin da rabon ya yi kawai shi ne ya tilasta wa kowa bi ta ƙofa ɗaya. Sai ka ajiye mai gadi a ƙofar ka gaya masa abin da zai yi. Da na kwanta a daren nan ban gwada ba, da na tashi na gaya wa mutum 41 cewa an gyara, alhali ba abin da ya canza sai lambobi.

Dokokin fayawol daga sama zuwa ƙasa ake karanta su, wadda ta fara dacewa ita ke aiki, sauran ba a ko duba su. Don haka jeri ya fi yawa muhimmanci. Ta farko: duk amsar maganar da aka riga aka fara, a bar ta ta dawo. Sai kowace unguwa a bar ta ta fita intanet. Sai 'yan keɓantattun izini. Ta ƙarshe, a ƙasan kowa: duk abin da ba a ambata ba, ba shiga. Kuma dokoki kashi biyu ne, na masu wucewa ta cikin rawuta zuwa wani wuri, da na masu zuwa wurin ita rawutar kanta. Mutane suna mantawa da na biyun, sai ka ga baƙo ba ya iya kai wa shago amma yana iya buɗe shafin saitin rawuta yana gwada kalmomin sirri.

A kan wannan kashi na biyun na kulle kaina a waje. Ƙarfe ɗaya na dare, na sa dokar "ba shiga" kafin in sa wadda ta ba ni izini, na danna. Winbox ya ɗauke. Ba ni kaɗai ba, dokar ta hana wayoyin gidan tambayar rawuta sunayen shafuka, intanet ya tsaya wa kowa, ga gwaji washegari. Minti biyar ba a yi ba aka cika ƙofata ana tambayata da Turancin buroka wai me na taɓa kuma. Abin da ya cece ni shi ne Winbox yana iya shiga MikroTik ta lambar MAC in ka soka kebul kai tsaye, ba sai da adireshin IP ba. Na tsuguna a ƙarƙashin matakala da fitilar waya a baki na goge dokar. Daga baya na lura da maɓallin Safe Mode da ke saman allon tun farko yana kallona: in ka kunna shi, ka yi saitin da ya yanke ka, rawutar da kanta take warware abin da ka yi. Tun ranar ba na taɓa fayawol sai na kunna shi, kuma sai na ajiye kwafin saitin a filashi.

Saura abu ɗaya, wanda shi ne ya shafi 'yar uwarmu kai tsaye. Mazauna duk suna unguwa ɗaya har yanzu, fayawol ba ya ganin abin da ke tsakaninsu. Maganin wannan a kan masu yaɗa sigina yake: akwai saitin da ke hana na'urorin da ke Wi-Fi ɗaya ganin juna, kowa rawuta kaɗai yake gani. Na kunna, na gwada da wayoyi biyu a ɗakina, lafiya. Sai na tura ƙawarta sama da waya ɗaya ni ina ƙasa, ai kuwa suka ga juna, domin kowace na'ura mutanenta kawai take rabawa, wanda ke kan ɗayar ta kebul ake kai masa. Sai da na hana bakunan MikroTik ɗin biyu miƙa wa juna saƙo, na kuma toshe tsakanin 2.4 da 5 a cikin kowace na'ura, sannan jerin kwamfutocin nan tara ya koma babu kowa.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Masu tura fim daga waya zuwa talabijin abinsu ya daina aiki, masu buga wasan ƙwallo tsakanin laftof biyu su ma. Na ce su nemi kebul ɗin HDMI, ba zan buɗe ɗakin mutum 41 saboda kallon mutum biyu ba, har yau ɗaya ba ya gaishe ni da kyau. Firintar Mama kuwa dole a bar ta, da ita muke buga aikin gida. Na sa doka ɗaya siririya: mazauna su kai ga adireshin firintar kaɗai, ta ƙofa 9100 da 631, kwamfutar da ke gefenta kuwa ko inuwarta ba sa gani. Waya ba ta gano firintar da kanta yanzu, saboda shelar da firinta ke yi ba ta tsallake unguwa, sai muka rubuta adireshin a kwali muka manna a bangon shago. Wasu kuma sun ɗauka rabon zai ƙara gudu. Ba ya ƙarawa. Abin da ya hana mai sauke fina-finai shanye layin shi ne wani saiti daban na raba gudu daidai wa daida, da rage wa baƙi nasu kason.

Tambayar da ta yi mini a bakin ƙofa ta ci gaba da damuna, don ba ƙarya zalla ba ce. Mai riƙe da rawuta ba ya ganin cikin wayarka, ba ya karanta WhatsApp ɗinka, a kulle yake daga waya zuwa waya, haka yawancin shafuka yanzu. Amma in ya so yana iya ganin sunan shafin da na'urarka ta nema, da lokacin, da yawan datar da ta ci. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a hannun mutum ɗaya. Na faɗi haka a taro da bakina. Yanzu kalmar sirrin rawutar kashi biyu ce, rabi a wurina, rabi a wurin wata da matan sama suka zaɓa. Ba na iya shiga sai tana tsaye. Yana ɓata lokaci, ranar da wuta ta lalata saiti sai da muka jira ta dawo daga coci, amma na fi samun barci.

Kafin ku kwanta yau, wanda ke da laftof mai Windows ya shiga saitin Wi-Fi ɗin da yake kai ya tabbatar an sa shi a matsayin na jama'a, ba na gida ba, ya kashe rabon fayil da firinta. In ka taɓa kai ta wurin mai gyara, ka duba sau biyu. In kuma kai ne injiniyan gidanku, ka hau layin baƙi ka gwada kai wa kwamfutar wani. Kada ka yarda da saitin da ba ka gwada da hannunka ba.

Wanda ya ɗauki hoton ba mu gano shi ba. Akwatin kamfanin ba ya ajiye tarihin komai, ko da yana ajiyewa ma, abin bai bi ta ƙofarsa ba. Lambar da ta turo saƙon a kashe take tun ranar. Ita ta canza layi, ta gaya wa mahaifiyarta, maganar ta tsaya a tsakaninsu, kuma Alhamdulillah hoton bai sake ɓullowa ba zuwa yanzu. Bayan sati biyu ta tare ni a bakin shagon Mama ta ce, "Malam, ka yafe mini zargin da na yi maka." Na ce ni ya kamata in nemi yafiya, ni na jona ta da mutum ɗari ban tambaye ta ba. Na gaya mata an gyara, in tana so ta zo da ƙawarta ta gwada da kanta. Ta ce to, Allah ya saka.

Duk ƙarshen wata tana cikin waɗanda ke fara biyan kasonsu. Amma duk sanda muka buɗe jerin na'urorin da suka karɓi adireshi, ni da mai riƙe da ɗaya rabin kalmar sirrin, ina dubawa, ban taɓa ganin sunan laftof ɗinta ba. Ƙawarta ta ce da datar wayarta take karatu.